Gidan Ransome-Kuti da Makarantar Sakandaren Abeokuta: Nazarin Hidimar Iyali Ɗaya

A shekarar 1908 majalisar cocin Angilika ta gundumar Abeokuta ta buɗe makarantar sakandare a cikin gari, aka sa mata suna Abeokuta Grammar School. Cikin ɗaliban farko da aka ɗauka akwai wani saurayi mai shekara 17, Israel Oludotun Ransome-Kuti, ɗan wani limamin coci na ƙasar Egba. A 1914, da makarantar ta amince ta fara karɓar 'yan mata, sunan da aka fara rubutawa cikin su shida shi ne na Frances Abigail Olufunmilayo Thomas. Waɗannan biyun sun yi aure a 1925, suka koma makarantar a 1932 da aka naɗa mijin shugabanta, suka zauna a cikin harabarta har shekara 22, 'ya'yansu kuma suka tashi suna cuɗanya da ɗalibai a aji ɗaya da fili ɗaya. Idan aka lissafa daga shigar uban zuwa fitar ƙananan 'ya'yansa a ƙarshen shekarun 1950, alaƙar gidan da makarantar ta kai kusan shekara 50.

Sunan gidan ya shahara a Najeriya saboda wasu abubuwa dabam, wato siyasar uwar, da kiɗan ɗa ɗaya, da aikin likitancin sauran biyun, har hakan ya rufe aikin makarantar, alhali daga gare shi ne sauran suka tsiro. Wannan nazari ya tsaya ne a kan aikin makarantar: abin da iyalin suka ba ta, yadda suka bayar, abin da ɗalibai suka amfana da shi, da abin da suka ɗanɗana a hannunsu.

Garin da ya gina wa kansa makaranta

Abeokuta gari ne da Egbawa, wani reshe na Yarabawa, suka kafa wajen 1830, lokacin da yaƙe-yaƙen ƙasar Yarabawa suka tarwatsa garuruwansu, suka fake a gindin dutsen Olumo. Ba a daɗe ba sai waɗansu 'yan asalin ƙasar da aka ceto daga jiragen bayi aka sauke a Saliyo suka fara dawowa gida, da addinin Kirista da ilimin boko a hannunsu. A 1846 Henry Townsend da Samuel Ajayi Crowther suka kafa tashar mishan a garin, a 1859 kuma aka fara buga jaridar Iwe Irohin a nan, wadda ita ce jarida ta farko a ƙasar da ta zama Najeriya. Sai dai a 1867 mutanen gari suka kori Turawan mishan, kuma wannan kora ta bar cocin a hannun 'yan ƙasa na tsawon shekaru, suka saba da gudanar da al'amuransu da kansu, da tara kuɗi daga aljihunsu.

Wannan tarihi shi ya sa makarantar 1908 ta bambanta da yawancin makarantun mishan na zamaninta. Majalisar cocin gari ce ta kafa ta, shugabanta na farko, Rabaran M. S. Cole, baƙar fata ne, kuma a lokacin gwamnatin Egba tana cin gashin kanta, domin sai a 1914 Turawa suka haɗe ta da sauran Najeriya. Iyayen da suka gaji da tura 'ya'yansu Legas neman karatun sakandare su ne suka so ta, su ne kuma suka ɗauki nauyinta. Makaranta irin wannan ba ta da wata babbar taska a Landan da za ta jingina da ita idan kuɗi suka yanke. Abin da take da shi bai wuce kuɗin makaranta da iyaye suke biya ba, da gudummawar masu ibada, da ɗan tallafin gwamnati idan sufeto ya zo ya gamsu, sai kuma mutanen da suka yarda su sadaukar da rayuwarsu a kanta.

Kakan gidan, Josiah Jesse Ransome-Kuti, an haife shi a 1855 a unguwar Igbein. Ya fara da koyarwa kafin ya zama limamin coci, kuma an fi saninsa da waƙoƙin ibada da ya tsara da Yarbanci a kan karin kiɗan gargajiya, a zamanin da mutane da yawa suke ganin waƙar coci ba ta cika sai da karin Turawa. A 1922 ya je Landan aka ɗauki muryarsa a faifan garmaho. Ya rasu a 1930, shekara biyu kafin ɗansa ya karɓi shugabancin makarantar, amma abubuwa biyu da ya bari sun shiga cikinta tare da ɗan: ɗaukar kiɗa da waƙa a matsayin ilimi na gaske, da ƙin yarda cewa sai mutum ya watsar da harshensa kafin ya zama Kirista ko ɗan boko.

Israel ya wuce kwalejin Fourah Bay ta Saliyo, wadda take ba da digirin jami'ar Durham, ya dawo a 1916 ya koyar a makarantar da ta yaye shi, sannan aka tura shi shugabancin makarantar sakandaren Ijebu Ode, inda ya yi shekara 13. Ita kuwa Funmilayo ta tafi Ingila a 1919 ta yi karatu a wata makarantar 'yan mata a yankin Cheshire, ta dawo ta koyar da 'yan mata a Abeokuta har zuwa aurenta. A Ijebu Ode ta buɗe ajin ƙananan yara waɗanda ba su isa shiga firamare ba, abin da ba a saba gani ba a ƙasar a lokacin. Saboda haka ranar da suka koma Abeokuta a 1932, kowannensu ya riga ya goge a aikin, kuma kowannensu tsohon ɗalibin wurin ne da ya san ajin da ya zauna.

Shekara 22 a cikin haraba

A lokacin gidan shugaba yana cikin harabar makarantar a Igbein, kuma wannan ƙaramin abu shi ne mabuɗin fahimtar lamarin gaba ɗaya. Babu lokacin da za a ce an tashi daga aiki. Ɗaliban kwana suna ƙarƙashin idon maigida da uwargida dare da rana, yaron da zazzaɓi ya kama cikin dare ƙofarsu za a buga, uban da ya zo daga ƙauye da kuɗin makarantar da bai cika ba a gabansu zai zauna ya yi bayani, 'ya'yan dangi da na abokan arziki kuma ana kawo su riƙo domin su sami tarbiyya da karatu tare. Wanda ya san gidajen malamai na biranen Hausa, inda zaure shi ne aji, uwargida ce mai tukunyar almajirai, 'ya'yan malam kuma suna zaune a tabarma ɗaya da sauran, zai gane irin wannan zama ba tare da dogon bayani ba.

Ɗalibai da mutanen gari suna kiran shugaban Daodu, matarsa kuma Beere. Mafi yawan abin da aka sani game da yadda yake tafiyar da makarantar ya fito ne daga bakin waɗanda suka zauna a ƙarƙashinsa, musamman Wole Soyinka, wanda mahaifiyarsa jikar Josiah ce, ya kuma shiga makarantar a 1944 kafin ya koma kwalejin gwamnati ta Ibadan a 1946. Cikin abin da ya rubuta game da yarintarsa, ya nuna mutum wanda ba ya raina ƙaramin aiki. Ɗalibai ne suke yanke ciyawar fili da hannunsu, shi kuma ya bi bayansu yana dubawa. Darasin waƙa da kansa yake bayarwa, kunnensa kuma ba ya barin muryar da ta kauce ta wuce, ko da a cikin taron ɗaruruwa take.

Abin da ya fi jan hankali a wannan shaida shi ne yadda yake shari'a. Idan aka kama ɗalibi da laifi, ba a wucewa kai tsaye zuwa hukunci. Ana gabatar da ƙara a gabansa, mai ƙara ya kawo hujja, wanda ake tuhuma kuma a ba shi dama ya kare kansa, kuma ingancin hujjar da ya kawo yana da nauyi a sakamakon. Soyinka ya ba da labarin ɗaliban da aka kama a kan wani zakara, babbansu ya tashi ya kare su da darasin kimiyyar da aka koya musu a aji game da yadda wuta take cin abu, shugaban kuwa ya zauna ya saurare shi har ƙarshe kafin ya yanke hukunci. Ana iya ɗaukar wannan a matsayin labarin nishaɗi, amma darasin da ke cikinsa babba ne. A ƙasar da Bature yake mulki ba tare da ya nemi ra'ayin kowa ba, ga makaranta tana koya wa yaro ɗan shekara 15 cewa yana da haƙƙin a ji ta bakinsa, kuma magana mai tsari tana iya kuɓutar da shi a gaban mai iko. A ganina wannan ya fi duk wata takardar jarrabawar Kambirij da ɗaliban suka fita da ita tasiri a rayuwarsu.

Makarantar ta coci ce, kuma ba a ɓoye hakan ba. Ana buɗe yini da addu'a da waƙar ibada, ana karanta Littafi Mai Tsarki, shugaban kansa limami ne naɗaɗɗe. Amma Abeokuta gari ne mai Musulmi da yawa da masu bin addinin gargajiya, kuma makarantar sakandare a lokacin abu ce mai wuyar samu, don haka ɗalibai suna zuwa daga gidaje iri-iri da garuruwa masu nisa. Ma'auratan sun tsaya a kan cewa yaro ya riƙe sunansa na gida ya kuma iya harshensa. Ita kanta uwargidan ta ajiye sunayenta na Turanci ta koma amfani da Funmilayo kaɗai, daga baya kuma ta koma sa tufafin Yarabawa da yin jawabi da Yarbanci ko a gaban jami'an mulkin mallaka. Ɗalibin da yake ganin haka kullum a gidan shugabansa ba ya buƙatar a yi masa lacca a kan mutunta kai.

Sunan Funmilayo ba ya cikin jerin shugabannin makarantar, kuma wannan yana sa a riƙa tsallake rabonta na aikin. Ta ci gaba da koyar da ƙananan yara, ta kula da ɗaliban da suke kwana, ta kuma zama abin koyi ga 'yan matan da iyayensu suke ɗari-ɗari da barinsu su wuce firamare. Uban da yake shakka ana iya nuna masa matar shugaba a ce: ga wadda ta fara, ta yi karatu har Ingila, ga ta da aurenta da 'ya'yanta huɗu. A tsakiyar shekarun 1930 ma'auratan suka sayi mota ta hannu daga Ingila, ita ce kuma mace ta farko da aka ga tana tuƙi a garin.

Malamin da ba a biya shi ba

Wani ɓangare na hidimar ya faru ne a wajen haraba, amma amfaninsa a aji ya ƙare. Malaman makarantun mishan a lokacin suna karɓar albashi ƙasa da na takwarorinsu na makarantun gwamnati, ba su da tabbacin fansho, kuma da tattalin arzikin duniya ya karye a farkon shekarun 1930 aka rage tallafin da ake ba makarantu, su ne suka fara ji a jikinsu. Sakamakon haka shi ne malami mai ƙwazo yana samun aikin akawu a ofishin gwamnati ko kamfani sai ya ajiye alli ya tafi, a bar ɗalibai da wanda bai sami mafita ba.

Ransome-Kuti ya gane cewa shugaban makaranta ɗaya ba zai iya magance wannan shi kaɗai ba. Tun yana Ijebu Ode, a 1926, ya haɗa shugabannin makarantun yankin cikin ƙungiya guda. A watan Yulin 1931 wannan ƙungiya ta haɗu da ta malaman Legas da waɗansu, aka kafa Ƙungiyar Malamai ta Najeriya, NUT, aka zaɓe shi shugabanta na farko, kuma aka yi ta sake zaɓensa har ya yi ritaya a 1954. Wato duk shekarun da ya yi yana shugabancin makarantar Abeokuta, yana kuma jagorantar fafutukar daidaita albashi da kyautata sharuɗɗan aikin malaman ƙasa baki ɗaya. Limamin coci ne da yake tsayawa gaban hukumomin mishan, waɗanda su ne iyayen gidansa, yana neman haƙƙin ma'aikatansu, kuma wannan ba ƙaramar jarumta ba ce ga mutumin da abincinsa yake hannunsu.

A 1943 gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamitin Elliot domin duba batun ilimi mai zurfi a Afirka ta Yamma, kuma shi ne ɗan Najeriya cikin 'yan Afirka uku da aka sa a ciki, tare da K. A. Korsah na ƙasar da ta zama Ghana da E. H. Taylor-Cummings na Saliyo. Aikin ya sa shi tafiya ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Rahoton kwamitin na 1945 yana cikin abin da ya haifar da kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948. Ga ɗalibin Abeokuta ma'anar wannan a fili take: kafin lokacin, wanda ya gama sakandare yana son digiri sai ya haye teku ko ya tafi Saliyo, idan iyayensa suna da hali, bayan nan kuwa jami'a ta zo garin da ke maƙwabtaka da nasu. Ɗaya daga cikin gidajen kwanan ɗalibai na jami'ar Ibadan yana ɗauke da sunansa har yau.

Da matan kasuwa suka shigo haraba

A shekarar da suka koma Abeokuta, Funmilayo ta taimaka wajen kafa ƙungiyar matan gari, wadda da farko ta 'yan boko ce, matan malamai da limamai da 'yan kasuwa masu hali, suna koyon ɗinki da girki da ayyukan taimako. A 1944 ƙungiyar ta buɗe ƙofa ga matan kasuwa, aka fara koya musu karatu da rubutu, kuma harabar makarantar ce wurin taron. Soyinka, yana yaro ƙarami, yana cikin waɗanda aka sa su zauna kusa da waɗannan iyaye mata suna nuna musu yadda ake zana haruffa a kan allo.

Mace mai sayar da shinkafa ko rini da ta zo koyon baƙaƙe ba ta barin damuwarta a ƙofa. A tsakanin darasi matan suka fara faɗin abin da yake ci musu tuwo a ƙwarya: ƙwace musu shinkafa da ake yi da sunan dokar kayyade farashi ta lokacin yaƙi, da harajin da aka ɗora wa mata tun 1918 ba tare da suna da wakilci a majalisar gari ba, da wulaƙancin masu karɓar harajin. A 1946 ƙungiyar ta zama Ƙungiyar Matan Abeokuta, a ƙarshen 1947 dubban mata suka kwana a ƙofar fadar sarkin garin, Alake Ademola na Biyu, a watan Janairun 1949 kuma sarkin ya sauka daga gadon sarauta, ko da yake ya dawo a ƙarshen 1950. An soke harajin da aka keɓe wa mata, aka kuma ba mata huɗu kujeru a majalisar riƙon ƙwarya, Funmilayo tana cikinsu. Labarin ya kai har Arewa, inda Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta yi tattaki zuwa Abeokuta domin ta gana da ita.

Tarihin wannan gwagwarmaya yana da nasa wurin, abin da ya shafi wannan nazari shi ne matsayin makarantar a ciki. Makaranta ce mai karɓar tallafin gwamnati, a garin da sarki yake da cikakken iko a ƙarƙashin Turawa, kuma a filinta ake shirya zanga-zangar da ta girgiza sarkin da Turawan. Shugaban da ya fi damuwa da kujerarsa da tuni ya ce wa matarsa ta kai taronta wani wuri. Bai yi haka ba. Ana iya tambaya ko daidai ne a jefa makarantar yara cikin rigimar siyasa, kuma tambayar tana da nauyi, domin da hukuma ta janye tallafi, ɗaliban da ba su san hawa ba ba su san sauka ba ne za su biya. Amma matan nan iyayen ɗalibai ne da 'yan uwansu, daga ribar kasuwarsu ake biyan kuɗin makaranta, kuma ban ga yadda makarantar da take cikin gari za ta karɓi kuɗinsu ta rufe musu ƙofa ranar da suka zo neman ilimi da mafaka ba.

Bulala

Ba za a yi wa wannan tarihi adalci ba idan aka ɓoye cewa tsoro yana cikin abin da ya riƙe makarantar. Ransome-Kuti mai duka ne, kuma shaidar hakan ta zo daga ɗalibansa da 'ya'yansa. Ɗansa Fela, mawaƙin nan, wanda aka haifa a 1938, ya sha faɗa bayan ya girma cewa ya sha duka mai yawa a hannun uwa da uba, kuma zamansa ɗan shugaba bai sa an sassauta masa ba, sai ma ƙari. A wajen uban wannan adalci ne, domin ba ya so a ce ya fifita nasa a kan na mutane. A wajen yaron kuwa, babu inda zai gudu, tun da shugaban makaranta da mahaifi mutum ɗaya ne, gida da makaranta kuma wuri ɗaya ne.

Gaskiya ne cewa duka shi ne al'adar makarantun zamanin, na mishan da na gwamnati da na allo, iyaye ma suna ganin malamin da ba ya duka bai san aikinsa ba. Wannan yana bayyana dalili, amma ba ya share ciwon. Mutumin da ya koya wa yara kare kansu da hujja shi ne kuma yake dukan yaro saboda muryarsa ta kauce a waƙa, kuma ba na jin ya kamata a ce na biyun ne ya haifar da nagartar da na farkon ya haifar. Waɗanda suka yi fice daga makarantar su ne aka ji muryarsu, su ne suka yi rubutu aka yi hira da su. Yaron da tsoro ya dushe masa basira ya koma gida shiru bai bar wani rubutu ba, kuma duk mai nazarin irin wannan makaranta ya kamata ya tuna da shi.

Akwai kuma haɗarin da ke tattare da duk wata hukuma da ta rataya a wuyan mutum ɗaya. Shugaba mai ƙarfin hali da ya daɗe haka yakan zama shi ne doka, malaman da ke ƙarƙashinsa su saba da jiran umarni, majalisar da ta naɗa shi kuma ta ji nauyin tsawata masa. Abin da ya rage wannan haɗari a Abeokuta shi ne makarantar ba mallakar gidan ba ce. Ta majalisar coci ce, shugaba ma'aikaci ne da ake naɗawa, kuma da lokacin ritaya ya yi ya miƙa ta ga wani ya fita daga gidan shugaba, bai nemi ya gadar wa ɗansa ba.

Bayan 1954

Israel Ransome-Kuti ya yi ritaya a 1954, ya rasu ranar 6 ga Afrilu 1955 bayan fama da ciwon daji, watanni kaɗan bayan gwamnatin Jihar Yamma ta fara shirin ilimin firamare kyauta, wanda ya ninka yawan yaran da suke neman gurbi a sakandare. Funmilayo ta ci gaba da aikin ilimi a garin, ta kafa makarantar sakandare a unguwar Isabo da sunan mijinta, a 1969 kuma gwamnatin jihar ta naɗa ta shugabar kwamitin ba da shawara kan ilimi. Ta rasu a watan Afrilun 1978 sakamakon raunin da ta samu lokacin da sojoji suka far wa gidan Fela a Legas a watan Fabrairun 1977, suka jefo ta ta taga.

Babu ɗaya cikin 'ya'yan da ya zama shugaban makarantar iyayensu. Dolupo ta zama ma'aikaciyar jinya. Olikoye ya zama likitan yara kuma farfesa, ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992, inda ya mai da hankali kan kiwon lafiya a matakin farko, rigakafin yara da ruwan gishiri da sukari da ƙananan asibitocin karkara, aikin da ya isa ƙauyukan Arewa kamar yadda ya isa na Kudu. Shi ne kuma ya fito a 1997 ya faɗa wa duniya cewa cutar ƙanjamau ce ta kashe ƙanensa Fela, a lokacin da iyalai suke ɓoye irin wannan. Beko ya zama likita kuma ɗan fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam, gwamnatin Abacha ta ɗaure shi a 1995, bai fito ba sai 1998. Fela kuwa a ajin waƙar mahaifinsa ya fara koyon ƙa'idojin kiɗa kafin ya tafi Landan a 1958. Cikin tsofaffin ɗaliban makarantar da ba 'yan gidan ba akwai Dokta Moses Majekodunmi, wanda ya zama ministan lafiya a jamhuriya ta farko, da Adedapo Tejuoso, likita wanda daga baya ya zama Osile na Oke-Ona Egba.

A shekarun 1970 gwamnatocin soja suka karɓe makarantun mishan daga hannun coci-coci, makarantar kuma ta koma sabon mazauni a Idi-Aba. Karɓewar ta zo da alherinta, domin ta buɗe ƙofa ga yara da yawa ta kuma daidaita albashin malamai, abin da NUT ta daɗe tana nema. Amma ta sauya matsayin shugaban makaranta daga tushe. Ya zama jami'in ma'aikatar ilimi da ake turowa da takarda a kuma ɗauke da takarda bayan 'yan shekaru, sau da yawa iyalinsa suna wani gari, kuma ba lalle ne ya taɓa zama a ajin da yake shugabanta ba. A irin wannan tsari da wuya a sake samun gida ɗaya da zai yi shekara 22 a cikin haraba, ya koyar da yaro ya kuma koyar da ƙannensa. Wani ɓangare na nauyin da gidan shugaba yake ɗauka a da ya koma kan ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar, AGSOBA, wadda take tara kuɗi daga membobinta na gida da waje domin gyaran ajujuwa da tallafa wa ɗalibai.